Yadda Na Je Gaida Birai a Maryland

Tun ranar da na koma bakin aiki ban huta da tambaya ba. Wannan ta tare ni a ƙofar ɗakin gwaji, waccan ta tsayar da ni a wajen alwala, kowa maganarsa ɗaya: "Asma'u, wai da gaske birai kika je gani a Amurka?" Na ba da labarin har muryata ta dushe, kuma duk sanda na bayar sai na tsallake wani wuri. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya.

Ga wanda bai san ni ba, ni ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce a wani asibiti a Gombe. Na fi shekara goma ina ɗibar jinin masu ɗauke da cutar ƙanjamau, ina auna yadda magani ke aiki a jikinsu. Sai aka buɗe wani shiri na horar da ma'aikata irina, na mako shida, a wata cibiyar bincike da ke kusa da birnin Washington. Shugabanmu ya sa sunana. Maigidana ya ce in je, surukata ta karɓi yara.

Daga Gombe zuwa Abuja a mota, daga Abuja zuwa Turai a jirgi, sannan wani jirgin ya tsallaka teku da mu. A jirgi na biyu na yi sallah a zaune, ina ta lissafin ko azahar ce ko la'asar, domin rana ta ƙi faɗuwa. Muna tafiya tana biye da mu.

Matsalata ta farko kare ne. Ina tsaye ina jiran akwatina sai ga wani ɗan gajeren kare mai faffaɗan kunnuwa, sanye da riga, ya zo ya zauna daram kusa da jakata. Na tattare hijabina na yi baya. Matar da ke riƙe da shi ta yi murmushi ta ce in biyo ta. A kan wani tebur aka zazzage kayana. Kilishin da na yo tsaraba, wanda aka yi mini oda musamman a unguwar Jekadafari, wani jami'i ya ɗaga shi sama kamar ya kama ɓarawo, ya ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Na ce ai busasshe ne. Ya ce ko na bara ne. Sai ya kai ga ƙullin kuka, ya shinshina, ya yi atishawa.

"Wannan koren garin fa?" ya tambaye ni da Turanci.

"Ganyen bishiya ne. Miya ake yi da shi."

Ya kira abokin aikinsa suka yi shawara, suka bar mini kukata. Da ya buɗe daddawa kuwa bai tambayi kowa ba, ya mayar da murfin da sauri ya ce in tafi Allah ya kiyaye.

A waje na ga wani dogon mutum riƙe da kwali an rubuta sunana. Malam Isuhu ke nan, mutumin Maraɗi, direban tasi, wanda matar da zan sauka a gidanta ta aiko.

"Sannu da tahiya, Lokotoro! An sauka lahiya?"

Na ce ni ba likita ba ce, jini kawai nake aunawa. Ya ce duk wanda ke sa farar riga a likita lokotoro ne. Sai da muka yi nisa na gane su a Nijar asibitin ne suke kira likita. Har na dawo bai daina ce mini Lokotoro ba.

Masaukina a Upper Marlboro yake, wani gari a jihar Maryland, gidan Anti Rifkatu, 'yar Pankshin, wadda ta yi shekara ashirin tana aikin jinya a can. Yayar wata abokiyar aikina ce. Kirista ce, amma kafin in iso ta sayi buta ta ajiye a banɗaki, ta kuma sa an nuna mata gabas ta manna takarda a bango. Da na ba ta labarin kilishi ta dafe ƙirji.

"Kai! Wata biyu ina mafarkin kilishin nan. Allah ya isa tsakanina da karen nan!"

Ta yi mana gwaten acca da yamma. Na ci har na ji kunya.

Unguwar tasu shiru kamar an yi rasuwa. Gidaje manya, ba katanga, ba kowa a waje. Na yi kwana uku ban ga maƙwabci ba, sai motarsa ta shige cikin gida ƙofa ta rufe kanta. Da na ce zan shiga in gaishe su, Anti ta ce in na ƙwanƙwasa ƙofar mutum ba tare da na yi waya ba zai ɗauka gobara ce.

Cibiyar tana can ɗaya gefen birni. Isuhu yana da wani fasinja a wannan yankin kowace safiya, don haka aka shirya ya riƙa sauke ni, da yamma ya ɗauko ni. Hanyar da ta zagaye birnin kullum a cike take, sai mu yi fiye da awa ɗaya muna rarrafe. Ba hon, ba mai tsallake layi, kowa ya zauna cikin motarsa da kofin shayi yana haƙuri.

Wadda aka damƙa ni a hannunta sunanta Dakta Helen, gajeriya mai furfura, tana tafiya kamar an biyo ta. Ranar farko ta zaunar da ni ta ɗauki alƙalami ta yi mini bayanin aikinsu. Zan faɗe shi yadda na fahimta. Idan cuta ta shiga jiki, garkuwar jiki tana ƙera wasu 'yan makamai da ake kira antibodi, waɗanda ke kama ƙwayar cutar su hana ta aiki. Matsalar ƙwayar ƙanjamau ita ce sauya kama. Kafin jiki ya gama ƙera makamin da ya dace da ita, ta canza riga. Amma akwai wasu mutane ƙalilan, cikin masu ɗauke da cutar, waɗanda bayan shekaru jikinsu ke ƙera wani irin antibodi na daban. Shi ba ya kula da riga. Yana kama ƙwayar ne a wurin da ba ta iya canzawa sosai, kamar hannun da take buɗe ƙofar jiki da shi. Saboda haka yana iya tare nau'o'in ƙwayar masu yawa, na ƙasashe daban-daban.

"To su mutanen sun warke ke nan?" na tambaya.

Ta girgiza kai. Ta ce akasari a'a, domin kafin makamin ya nuna, ƙwayar da ke jikinsu ta riga ta koyi kauce masa. Amma in an ciro shi daga jininsu, aka kwafe shi da yawa, aka yi wa wani allurarsa kafin cutar ta same shi, wataƙila ya kare shi. Wannan "wataƙila" ɗin ce ake gwadawa a jikin birai.

Ta buɗe wani firji mai fitar da hayaƙin sanyi, ta nuna mini wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsana ba. Na tambayi daga jinin wa aka samo. Ta ce lamba kawai suka sani, amma wasu daga cikin masu irin wannan jini 'yan Afirka ne. Na tsaya ina kallon kwalbar. Na tuna layin matan da ke zama a kan benci a asibitinmu, suna rufe fuska kada a gane su. Wataƙila mai wannan jinin ma haka take zama a wani gari, ba ta san abin da jikinta ya ƙera ba.

Na ɗauka washegari za a kai ni wajen biran. Ashe akwai sauran aiki. Sai an gwada ni an tabbatar ba ni da tarin fuka. Ni da na taho ina fargabar kada biri ya sa mini cuta, ashe su tsoronsu kada ni in sa wa biri. Aka yi mini 'yar allura a ƙarƙashin fatar hannu, aka ce in dawo bayan kwana biyu. Kafin lokacin wurin ya kumbura ya yi ja. Ma'aikaciyar ta auna kumburin da 'yar rula, ta ja kujerarta baya kaɗan, ta ce ba zan shiga sashen dabbobi ba.

Da yamma na shiga motar Isuhu raina a ɓace. Na baro 'ya'yana, na tsallako teku, kuma za a ce in koma ban ga abin da ya kawo ni ba. Ga tunanin ko da gaske ina da cutar, domin masu tarin fuka ba su da wuyar gani a wajen aikinmu. Da na isa gida na nuna wa Anti Rifkatu hannuna, sai ta fashe da dariya. Ta ɗage hannun rigarta ta nuna mini wani ɗan tabo a dantse.

"Ke ba ki da irin wannan? Lambar rigakafin tarin fuka da aka yi mana muna jarirai. Ita ce take ruɗa gwajin nan nasu. Ni ma haka suka yi mini da na zo. Gobe ki ce su yi miki na jini, su ɗauki hoton ƙirji. Kuma ki buɗe baki ki yi magana, ƙanwata. A nan in kin sunkuyar da kai sai su ce kin yarda."

Haka na yi. Kwana tara ina jiran sakamako, ina zaune a ɗakin gwaji ina koyon na'urorinsu. Ranar da ya fito lafiya lau, Dakta Helen ta rungume ni a tsakiyar hanya.

Shiga wajen birai ya fi shirin amarya ɗaukar lokaci. Za ka cire kayanka ka sa nasu, ka ɗora wata riga mai rufe jiki duka, safar hannu biyu, takalmi a kan takalmi, abin rufe hanci, da gilashi mai rufe fuska. Na damu da maganar hijabi, sai suka ba ni wata hula mai sauka har kafaɗa, wadda kowa ke sawa, maza da mata. Na dubi madubi na ga duk cikinmu ba wanda ya fi wani rufe jiki.

Mai kula da biran wani dattijo ne baƙar fata, Mista Walter, wanda ya ce kakanninsa a gonakin taba na Maryland suka yi bauta. Kafin ya buɗe ƙofa ya ba ni doka biyu.

"Kada ki kalle su cikin ido. Kuma ko da babu abin rufe fuska, ba a yi musu murmushi a nuna haƙora. A wajensu neman faɗa ne."

Na kusa yin dariya. Mako biyu Anti tana yi mini faɗa in riƙa kallon Turawa cikin ido ina murmushi, in ba haka ba za su ce ina ɓoye wani abu. Yau ga ni a ɗakin da tarbiyyar gidanmu ce ke aiki. Na sunkuyar da kai na shiga kamar mai gaida suruki.

Ba irin jan birin da ke yi mana ɓarnar masara a ƙauyen kakata ba ne. Waɗannan asalinsu Asiya ne, masu launin ƙasa, fuskarsu ja-ja. Kowanne da lamba, amma Mista Walter ya raɗa musu sunaye. Suna da madubi, da ƙwallo, har da talabijin. Ana ɓoye musu gyaɗa a cikin wani abin wasa don su sha wahalar cirowa, wai kada zaman banza ya dame su. Akwai wata macen da yake kira Pearl, mai yankakken kunne, wadda in ta karɓi inabi sai ta ɓare fatar tsaf kafin ta ci. Kullum sai na tsaya wajenta. Bayan 'yan kwanaki ta fara juyo mini da bayanta, Mista Walter ya ce alamar ta yarda da ni ke nan.

Na tambayi Dakta Helen yadda ake yi biri ya kamu da cutar mutane. Ta ce ƙwayar mutane ba ta zama a jikin irin waɗannan birai. Sai aka ɗauki ƙwayar da ke kama birai aka sa mata rigar ta mutane, domin rigar ce antibodin ke kamawa. An raba biran gida biyu. An yi wa wasu allurar antibodi sau ɗaya, wasu ba a yi musu ba. Sannan lokaci-lokaci ake sa musu ƙwayar kaɗan, a ɗebi jini a duba wa ya kamu.

Ni aikina a kan jinin yake, ƙarƙashin idon wata ma'aikaciya. Kwalaben lamba kawai ke jikinsu, ba mu san na wane gida ba ne. A mako na huɗu wasu suka fara nuna ƙwayar, wasu kuwa fes. Mako na biyar ma masu fes ɗin suna nan fes. Ranar da Dakta Helen ta jera sakamakon a allo muka ga cewa waɗanda suka tsira masu allurar ne, wani saurayi a ɗakin ya yi tsalle. Shekara goma ina gaya wa mutane sakamakon da ke sa su kuka, ban taɓa ganin an tare cutar nan a bakin ƙofa ba.

Sai na duba lambar Pearl. Tana cikin waɗanda ba a yi wa allurar ba. Ta kamu.

Na je na sami Mista Walter yana yanka lemo. Na ce masa, "Kai ba ka jin komai?"

Ya ajiye wuƙar. Sannan ya ce ƙaninsa wannan cutar ce ta kashe shi, tun lokacin da babu magani, lokacin da ma'aikatan asibiti ke ajiye masa abinci a bakin ƙofa su gudu. Ya ce yana ji, kullum yana ji. Abin da zai iya shi ne kada wani biri ya wuni da yunwa ko tsoro a hannunsa. Ya miƙo mini inabi ya ce in kai mata. Ta karɓa, ta ɓare, ta ci.

Duk wannan abin da nake gani, a motar Isuhu nake zazzage shi da yamma. Da farko wasa ya ɗauke shi, yana cewa biran Amurka sun fi direban tasi gata. Daga baya ya daina wasa, ya riƙa kashe rediyo in na shiga. Ranar sakamakon nan na shiga motar ina cewa, "Malam Isuhu, allurar nan tana aiki! Wallahi da idona na gani!" Ya ce, "Alhamdu lillahi," har sau uku. Ban kawo komai a raina ba.

Ranar komawata Anti Rifkatu ta cika mini akwati da man shafawa da takalman yara, muka yi kuka a bakin ƙofa, ta wuce aiki. Isuhu ya ɗauke ni da azahar. Mun tsallaka kogi mun shiga Virginia, sai ya sauka daga babbar hanya wajen Annandale, ya tsaya a gaban wani kanti ya kashe mota. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, bai dube ni ba.

"Lokotoro, ina da magana. Ƙanwata Hauwa, a Maraɗi, tana da sida, wadda kuke cewa ƙanjamau. Mijinta ya bar mata, shi ya rasu. Ba wanda ya sani sai ni. Allurar nan taku, ko kwalba guda ce, a taimaka muna."

Na ce masa ba ni da ita, kuma ko Dakta Helen ba ta isa ta fitar da ita ba. Na ce abin da na gani kariya ce ga birin da bai kamu ba, ba warkar da wanda ya kamu ba. Ko kariyar ma tana ƙarewa in antibodin ya ƙare a jini. Kuma abin da ya yi aiki a biri sai an yi shekaru ana gwada shi a mutane kafin a san gaskiyarsa. Na ce, "Amma ai tana shan maganinta ko? Shi ne abin da ke riƙe da ita."

Ya girgiza kai. Sannan ya ce, "Na hwaɗa mata an samu allura. Ta ce ta gaji da ƙwayoyin, tana ɓoyonsu cikin buhun hatsi kada ɗiyanta su gani. Kwana tara ke nan ba ta sha ba. Tana jiran in aiko."

Nan take na gane. Maganata ce. Murnar da na yi a cikin motar nan ita ce ta tafi har Maraɗi ta raba mace da maganinta.

"Kira ta," na ce.

"Jirginki fa?"

"Kira ta yanzu."

Sai a kira na uku ta ɗauka. Muryarta ƙarama, ana jin kukan awaki a bayanta. Na gaishe ta, na gaya mata ko ni wace ce da irin aikin da nake yi. Na ce laifina ne, ni ce na yi magana ban cika ta ba. Na yi mata bayani yadda nake yi wa matan da ke zama a gabana a Gombe: maganin da take sha shi ke danne ƙwayar, in ta bari ƙwayar za ta farfaɗo, kuma tana iya dawowa ta ƙi jin maganin.

"To allurar ƙarya ce ke nan?" ta tambaya.

"Ba ƙarya ba ce, Hauwa. Amma ba ta iso ba tukuna. Ban san ranar da za ta iso ba, waɗanda ke yin ta ma ba su sani ba. Ina so in ta iso ta same ki da rai."

Na ce gobe da safe ta je likita ta gaya musu kwana nawa ta yi ba ta sha ba, kada ta rage ko ɗaya, ba dukanta za su yi ba. Na tambaye ta ƙarfe nawa ta saba sha. Ta ce bayan magariba. Na ce can yanzu ai an yi magariba. Ta ce an yi.

"To tashi ki ɗauko. Ina kan layi."

Na ji takunta, na ji ƙarar buhu, na ji moɗa ta bugi bakin randa. Isuhu ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Ni kuma ina kallon agogon motar, ina ganin lokacin jirgina yana tafiya, ban damu ba.

"Na haɗiye," in ji ta.

Isuhu ya goge fuskarsa da hularsa, ya tada mota. Gudun da ya yi daga nan zuwa filin jirgi, ban taɓa ganin ya yi irinsa ba a mako shidan nan. Ni ce ta ƙarshe da ta shiga jirgin, ina haki, ma'aikaciyar tana harara ta.

Wannan shi ne abin da na gani a tafiyata. Hauwa ta je asibiti kamar yadda ta yi alkawari, kuma har yanzu takan kira ni bayan magariba in ta sami kati. Ba ma maganar allura. Jiya labarin akuyarta da ta haifi uku ta ba ni.